Koren maki a kan lambar da mai bita bai taɓa gani ba

Alhamdu lillahi, matsalar sa hannu a manhajar da nake ginawa ta kau. Mako uku ta riƙe aikin nan, kuma sai da aka rushe rabin rumbun bayanan kafin ta saki. 'Yan'uwa masu koyon gina manhaja, musamman wadda za ta yi aiki ko babu intanet, ku duba wannan kafin ku zana teburanku.

Manhajar dai ta bin sawun bitar rikodi ce a ɗakin gwaje-gwaje. Ba ruwanta da sunan mara lafiya ko sakamakonsa. Abin da take riƙewa shi ne wane rikodi aka duba, wa ya duba, yaushe, wanne kuma wa'adinsa ya wuce: takardar zafin firji mai iyakar digiri 2 zuwa 8, sakamakon kwantrol na kullum (samfurin da aka san ƙimarsa, da ake gwada na'ura da shi), rikodin gyaran na'ura, karɓar sabon rukunin sinadari. Flutter a sama don gina allo, rumbun bayanai na SQLite ta hanyar laburaren Drift a cikin waya, rumbun Firestore a can ɓangaren saba, wato kwamfutar da wayoyin ke aika wa bayanai ta intanet.

Tsarina na farko tebur ɗaya ne. Kowane rikodi layi ɗaya, a ƙarshen layin gurbi uku: an duba ko ba a duba ba, sunan mai bita, lokaci. Muddin akwai intanet, lafiya lau yake tafiya. Da na kashe wa wayoyin gwaji biyu intanet, sai asiri ya tonu.

Ga yadda abin yake. Kwantrol ɗin glukos, matsakaicinsa 5.5, SD ɗinsa, wato ma'aunin yadda sakamako ke kaucewa matsakaici, 0.2. Ma'aikaci ya shigar da 5.4 a waya ta ɗaya, rikodin ya isa waya ta biyu, sannan intanet ya ɗauke wa dukansu. Da ƙarfe 10:02 ma'aikacin ya lura yatsa ne ya zame, abin da na'ura ta fitar 6.4 ne, sai ya gyara. Da 10:05 mai bita, wanda har yanzu 5.4 yake gani a tasa wayar, ya ga lamba tana zaune daram kusa da matsakaici, ya sa hannu. Intanet ya dawo. Allon ya nuna 6.4 da koren maki a gefe da sunan mai bita. To 6.4 ta haura matsakaici da SD huɗu da rabi. Dokar Westgard ta 1-3s, ɗaya daga ƙa'idodin duba kwantrol a lab, ta ce da zarar an wuce SD uku, wato 6.1 a nan, a ƙi karɓar aikin. Manhajar da aka gina don ta kama irin wannan ita ce ta wanke shi, ta kuma jingina wa mutum shaidar abin da idonsa bai gani ba. Wannan ya fi rashin manhajar muni.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne Firestore bai ga wani saɓani ba ko kaɗan. Ina ta jiran in ji rikicin "rubutun ƙarshe shi ke nasara", ashe ko nan ba a kai ba. Waya ɗaya ta taɓa gurbin lamba, ɗaya ta taɓa gurbin bita, gurabe ne daban-daban, sai ya haɗa su cikin ruwan sanyi.

Gyara uku na gwada, duk an gudu ba a tsira ba. Na farko, in sa rubutun bita cikin runTransaction don ya tabbatar lambar ba ta canza ba. Wannan yana buƙatar saba a daidai lokacin, babu intanet faɗuwa yake yi, kuma dalilin gina manhajar ke nan tun asali, ɗakunan gwaji masu kaurin bango da rashin sabis. Na biyu, duk wanda ya gyara lamba, manhaja ta goge makin bita. Ya yi aiki idan sa hannun ya riga isa. Idan gyaran ne ya fara isa, sai ya goge makin da babu shi tukuna, daga baya sa hannun ya zo ya zauna abinsa. Na uku, kwatanta lokuta: idan lokacin bita ya riga lokacin gyara, a soke bitar. Amma ku sake duba misalin. Bitar 10:05 ce, gyaran 10:02, agogo ya ce komai daidai ne, alhali ba daidai ba ne. Ko da agogon wayoyin ba ya kuskure, tambayar da nake yi ce ba ta dace ba. Ba "yaushe ya sa hannu" ake nema ba. "A kan me ya sa hannu" ake nema.

Amsar tana nan a takarda tun da daɗewa. Wanda ya yi kuskure a littafin lab ba ya shafe shi da farin ruwan gogewa. Layi ɗaya yake ja a kan lambar yadda za a iya karanta ta, ya rubuta sabuwa a gefe, ya sa harufan sunansa da kwanan wata. ISO/IEC 17025 na 2017, sashe na 7.5.2, yana so duk gyaran da aka yi wa rikodin fasaha a iya bin sa zuwa sigar baya ko ainihin abin da aka fara gani. Dokar 21 CFR Part 11 ta hukumar FDA a Amurka, wadda ta fito a 1997, ta ce a sashe na 11.10 kada canji ya rufe bayanin da aka riga aka rubuta, a sashe na 11.70 kuma ta ce a ɗaure sa hannu da rikodinsa yadda ba za a iya cire shi a manna wa wani ba. Teburina mai layi ɗaya ya saɓa wa duka ukun.

Yanzu tebur uku ne. Teburin rikodi ba ya ɗauke da komai sai shaidar rikodin: nau'insa, na'urar, ranar da ya shafa. Teburin siga shi ke da abin da ke ciki, kuma kowane gyara sabon layi ne mai nasa UUID, wato lambar shaida da ba ta maimaituwa, da lambar sigar da ta haife shi, da sunan mai gyara, da dalili, wanda dole a rubuta, aƙalla harafi 10, don kada a cika mini gurbin da ɗigo ɗaya. Kowace siga tana da zanen yatsanta na SHA-256, wato harufa 64 da ake lissafawa daga abin da ke cikinta, waɗanda ke canzawa da zarar an taɓa ko harafi ɗaya. Teburin bita kuwa yana nuna siga ne kai tsaye, yana kwafe zanen yatsanta, da sunan mai bita, da hukuncinsa, da ma'anar sa hannun: dubawa ce ko amincewa.

Gurbin "an duba" na cire shi gaba ɗaya. Ba a ajiye matsayin rikodi, lissafa shi ake yi duk lokacin da aka buɗe allo: nemo siga ta ƙarshe, a ga ko akwai bitar da zanen yatsanta ya yi daidai da nata. Akwai, kore. Babu amma wata tsohuwar siga tana da bita, ruwan ɗorawa, da rubutu cewa an gyara bayan bita. A misalin ɗazu, sa hannun yana nan a manne da 5.4 har abada, 6.4 kuma tana jiran nata. Ko wace waya ce ta riga isa saba, sakamakon ɗaya ne. Don kada wata rana ni da kaina in karya dokar cikin gaggawa, na sa wa teburan siga da bita tarko a SQLite, duk umarnin UPDATE ko DELETE sai RAISE ya dakatar da shi. A dokokin tsaron Firestore ma create kawai aka buɗe, kuma a nan ne aka hana mutum yi wa sigar da ya rubuta bita.

Na ɗauka an gama. Allura ta tono garma.

Na rubuta ɗan aiki a Cloud Functions da zai sake lissafa zanen yatsa a saba don tabbatarwa, sai ya riƙa ƙin kusan kashi ɗaya cikin biyar na rikodin gwaji. Kwana huɗu ina zargin laburaren SHA-256, wanda bai yi laifin komai ba. Laifin yana cikin rubutun da ake ba shi. Zafin firji 6.0, jsonEncode na Dart yana rubuta shi 6.0, JSON.stringify na JavaScript kuma yana rubuta 6. Harafi biyu suka ɓace, zanen yatsa ya zama wani dabam. Shi ya sa ba duka ke faɗuwa ba, sai masu cikakkiyar lamba. Da na toshe wannan sai na biyu ya fito: taswirar Dart tana riƙe jerin makullai yadda aka shigar da su, amma bayan bayanan sun je Firestore sun dawo, ba lallai jerin ya zama yadda ya tafi ba. Na uku ya fi su ɓoyewa. Drift, in ba ka canza masa saiti ba, yana ajiye DateTime a matsayin daƙiƙoƙi cikakku. Ina lissafa zanen yatsa da lokaci mai ɓurɓushin daƙiƙa kafin ajiyewa, bayan an karanto shi daga rumbu ɓurɓushin ya tafi.

Akwai RFC 8785 mai tsara yadda za a rubuta JSON iri ɗaya a ko'ina, kuma hanya ce mai kyau. Ni dai na bi mafi sauƙi: a gina rubutun sau ɗaya tak, a wayar da ta haifi sigar, makullai a jere bisa harufa, lokaci a UTC da tsarin ISO 8601, a ajiye rubutun kansa a gurbi guda. Waya da saba duk wannan rubutun suke lissafawa, ba mai sake gina shi, kuma daga cikinsa ake ciro abin da allo zai nuna. Lambobin awo ma rubutu ne yanzu, ba double ba. Wannan ya gyara wani abin da ban ma lura da shi ba: 5.40 da 5.4 ba ɗaya ba ne a wurin mutumin lab, sifilin nan yana faɗin iya gurbin da na'urar ke karantawa, tsohon tsarin kuwa haɗiye shi yake yi.

Saura rassa. Mutum biyu suka gyara siga ɗaya babu intanet, sai a samu 'ya'ya biyu uwa ɗaya. Na daɗe ina neman dabarar da manhaja za ta zaɓi ɗaya da kanta, daga baya na gane ba hurumin manhaja ba ne. Rikodin ja yake zama, maɓallin bita ya kulle, sai wani ya rubuta siga ta uku mai ambaton su biyun da dalilin zaɓinsa. Allon ba shi da kyau tukuna, amma gaskiya yake faɗa.

Lokaci kuma guda biyu nake ajiyewa: na agogon waya da na isowa saba, saboda serverTimestamp lokacin da rubutu ya isa yake bayarwa, ba lokacin da aka danna maɓalli ba. Don kama wanda ya mayar da agogo baya ya cike bitar jiya, a duk haɗuwa da saba ina ajiye bambancin lokacinta da elapsedRealtime na Android, wanda saitin agogo ba ya taɓa shi. Agogon waya ya kauce wa wannan ƙiyasi da fiye da minti 5, a sa wa bitar alama. Rauninsa shi ne yana komawa sifili in an kashe waya an kunna, a nan sai dai rahoto ya nuna lokutan biyu, mai bincike ya yi hukunci.

Abin da ya yi ciwo: bitocin gwaji 312 da aka tara a tsohon tsari duk sun tafi kwandon shara. Ba yadda za a san lambar da kowanne ya gani, ƙirƙira musu zanen yatsa yanzu kuwa ƙarya ce da hannuna. Sai kuma karatun Firestore. Kyautar yini 50,000 ce, ni kuma da takardu kusan 6,000 da wayoyi huɗu, buɗewa uku-uku ta kai 72,000, saboda mai sauraron da ya yi fiye da minti 30 a katse ana lissafa masa karatun kamar sabuwar tambaya. Kuɗin ba su kai na kuka ba a bayanan gwaji, amma da rikodin shekara guda labarin zai canza. A nan sabon tsarin ya biya kuɗin sabulu: tunda ba abin da ke canzawa bayan an rubuta shi, waya tana tambayar abin da ya iso bayan alamarta ta ƙarshe kawai, lissafin matsayi duk a SQLite. Karatun ya sauko ƙasa da 900 a yini. Na maimaita gwajin wayoyi biyu sau 40 da jerin isowa daban-daban, ko sau ɗaya kore bai hau kan lambar da ba a gani ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Tunatarwar wa'adi da fitar da rahoton PDF su ne ya kamata a ce ina kansu yanzu bisa jadawali. WorkManager, mai gudanar da aiki a bayan fage a Android, na haɗa shi rabi-rabi, ku tuna ba ya maimaita aiki a ƙasa da minti 15, kuma daga Android 13 sai an nemi izinin sanarwa. Amma wani abu ya sha gabansu. Na so a tabbatar da sa hannu da yatsa ta local_auth, sai na tarar "e" ko "a'a" kawai yake mayarwa, ba ya faɗin yatsan wa. A wayar da mutum biyar ke amfani da ita a benci ɗaya, duk wanda yatsansa ke rajista zai iya sa hannu da sunan shugaban sashe. Don haka na koma lambar sirri ga kowane mutum. Mai lamba huɗu yiwuwa 10,000 ce kacal, kuma tunda dole a tantance ta babu intanet, abin tantancewar yana zaune cikin wayar. A yanzu lamba shida na sa, da PBKDF2 da gishirinsa don rikitar da lambar kafin a ajiye ta, da kullewa bayan kuskure biyar. Inda na maƙale shi ne buɗe wanda ya kulle kansa a tsakar dare, babu sabis, babu shugaba a kusa, ga kwantrol yana jiran bita. Wanda ya taɓa warware wannan ba tare da ya bar ƙofar baya a buɗe ba, don Allah ya nuna mini hanyar da ya bi.