Litinin, 6 ga Yuni 2022: shekarun da Kawu ya ƙirga mini

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta gota, yara sun yi barci, ni kuma na kasa runtsawa saboda wata tambaya da Kawu ya yi mini bayan la'asar, wadda ba ta kai ta hana mutum barci ba in da ina da amsarta.

Da safe babu abin da ya faru. Na shiga aji sau uku, na gyara takardun jarrabawa, na dawo gida kafin azahar ta fita.

Da na isa majalisa na tarar an riga an ɗaura zare, domin labari ya bazu a wayoyi cewa shugaban APC na ƙasa, Abdullahi Adamu, ya gaya wa kwamitin gudanarwar jam'iyya cewa Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha a zaɓen fitar da gwani na takarar shugaban ƙasa. Yaya sai murna yake yi kamar shi aka bai wa tutar. Hujjarsa ita ce wadda yake maimaitawa tun makon jiya: tunda PDP ta tsayar da Atiku a ranar 28 ga Mayu da ƙuri'a 371, Wike yana biye da 237, to duk wanda APC ta ɗauko daga Kudu zai sha wahala a Arewa. Ya ƙara da cewa mutumin da yake Majalisar Tarayya tun 1999, ya kuma kai ga shugabancin Majalisar Dattawa, ba za a ce bai san inda aka dosa ba. Kawu ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi yadda za a yi da gwamnonin APC na Arewa da suka fito ranar Asabar suka ce mulki ya koma Kudu bayan shekara takwas ɗin Buhari. Kafin magariba ma fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwa cewa Buhari bai naɗa kowa ba, daliget ne za su yanke hukunci, sai murnar Yaya ta koma ciki.

Ni kowa ya san inda na tsaya, Osinbajo nake so, kuma yau na faɗi dalilaina dalla-dalla kamar ina gaban ɗalibai. Na ce an ga kamun ludayinsa a 2017 lokacin da ya riƙe ƙasa Buhari yana jinya a Landan, kuma a watan Agustan 2018, da jami'an DSS suka tare ƙofar Majalisar Tarayya, rana ba ta faɗi ba sai da ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura. Na ce farfesa ne a fannin shari'a, shekara bakwai yana zaune a cikin gwamnatin nan, ba sai an koya masa hanyar ofis ba. Mai shayi ya jefo sunan Amaechi, yana cewa shi dai layin dogo ya gani da idonsa, na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan, ga na Kano zuwa Maraɗi an aza harsashi, har Daura ta naɗa shi Ɗan Amana. Babu wanda ya musa masa, amma babu wanda ya ɗauki zancen, wataƙila saboda tun harin 28 ga Maris ambaton jirgin Kaduna ba ya yi wa kowa daɗi.

Kawu na Tinubu ne, kuma shi ba ya kawo maganar ayyuka ko takardun makaranta. Kalmarsa ɗaya ce, halacci. Ya ce sau uku Buhari yana tsayawa, 2003 da 2007 da 2011, da miliyoyin ƙuri'un Arewa a hannunsa, amma bai kai labari ba sai da aka yi haɗakar 2013 Tinubu ya shigo da jam'iyyarsa ta ACN da ƙasar Yarabawa. Ya ce shi kansa Osinbajon nawa kwamishinan shari'a ne a gwamnatin Tinubu a Legas daga 1999 zuwa 2007, kuma kowa ya san ta wace ƙofa ya shigo takarar mataimaki. A ganin Kawu, wanda ya taimake ka ka hau, ba ka janye masa tsani ranar da shi ma yake son hawa, in ba haka ba gobe babu ɗan Kudun da zai sake yarda da alkawarin ɗan Arewa.

A nan ne na yi kuskuren da ya hana ni barci. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ai ba gadon gida ake rabawa ba, kuma mutum mai shekara 70 ya kamata ya huta ya bar wa masu sauran ƙarfi." Kawu ya ajiye kofinsa, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, Malam, ranar Lahadin makon jiya, a kan bencin nan, wane ne ya ce PDP ta yi hankali da ta bar wa dattijo, domin ƙasa tana buƙatar tsohon hannu? Shi Atikun shekararsa nawa?" Shekararsa 75, kuma ni ne na faɗi maganar, da bakina, har ina yaba wa Tambuwal da ya janye masa. Aka yi dariya, mai shayi har da buga tebur. Na yi ƙoƙarin cewa lafiya nake nufi ba shekaru ba, amma ni kaina na ji maganar ta fito ba ƙwari, domin ban taɓa ganin takardar likitan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Dariyar ba ta dame ni ba, an saba. Abin da ya tsaya mini shi ne, tun da na dawo nake neman ainihin abin da ya juya zuciyata daga Tinubu, kuma duk inda na laluba sai in dawo Abeokuta. Wannan jawabin da Tinubu ya yi a can ranar Alhamis, inda ya ce ba don shi ba da Buhari bai ci zaɓe ba, kuma yanzu lokacinsa ne, na saurari fassararsa sau da yawa, kuma kowane sauraro sai in ji kamar ni aka yi wa gori. Na yi layi cikin rana a 2015 na jefa wa Buhari ƙuri'a, sai ga wani yana cewa shi ya ba da mulkin. Wannan haushi ne, ba ma'auni ba, amma da na zo majalisa sai na sa masa rigar shekaru da cancanta don ya yi kama da hujjar mai ilimi. Kawu ya fi ni gaskiya a wannan, domin shi ya faɗi abin da yake ransa tsirara, ko da ban yarda cewa ana biyan bashin siyasa da kujerar shugaban ƙasa ba. Har yanzu ina ganin Osinbajo ya fi dacewa, sai dai ban san ko kashi nawa na wannan ra'ayin nasa ne, kashi nawa kuma na fushina ne.

Uwargida da na ba ta labari ta ce mu bakwai muka ƙare yammacinmu a kan zaɓen da ko ɗayanmu ba shi da ƙuri'a a cikinsa. Haka ne kuwa, daliget uku-uku ne daga kowace ƙaramar hukuma, Kano mai ƙananan hukumomi 44 tana da 132, kuma kowa ya san Ganduje yana tare da Tinubu. Ta kuma tuna mini cewa Auta yana zaune a gida tun 14 ga Fabrairu saboda yajin aikin ASUU, kuma jiya aka kashe masu ibada a coci a Owo, amma ba ta ji na ce mun tambayi wanne ne a cikin masu fom ɗin naira miliyan 100 yake da abin cewa a kai ba. Ban amsa mata ba.

Gobe za a fara jefa ƙuri'a a dandalin Eagle Square, kuma Kawu ya ce in zo mu kalla a wurinsa tunda yana da janareta. Na ce masa zan duba, amma na san zan je, kuma na san kafin in cire takalmi zai tambaye ni ko na gama lissafin shekarun.