Yadda na zaɓi firintar 3D da ɗan kuɗin da ke hannuna

Sana'ata gyaran kayan lantarki ce, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙananan kayan roba da ke karyewa, kamar maɓallin fanka ko murfin batirin rediyo, waɗanda sai in zagaye kasuwa ban samu irinsu ba. Wannan ne ya sa na ƙudiri niyyar sayen firintar 3D ta kan teburi, wato na'urar da ke ƙera abu mai jiki daga zanen kwamfuta, duk da cewa abin da na tara bai taka kara ya karya ba.

Da farko sai da na zaɓa tsakanin iri biyu. Akwai mai amfani da ruwan rezin wanda haske ke daskarar da shi, aikinta na fita sumul, amma tana buƙatar safar hannu da sinadarin wanki da ɗaki mai iska, ni kuwa shagona ƙarami ne kuma yara masu koyon aiki na shiga da fita. Saboda haka na koma ga mai narkar da zaren roba tana shimfiɗa shi hawa kan hawa, irin da farashinta ya sauko bayan haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a 2009.

Na'urorin Prusa na ƙasar Cek sun burge ni, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. A1 mini ta kamfanin Bambu Lab kuma tana daidaita kanta, amma faɗin aikinta milimita 180 ne kawai ta kowane gefe. A ƙarshe na tsaya kan Ender 3 ta kamfanin Creality, wadda ta fito a 2018, mai ɗaukar milimita 220 a faɗi da 250 a tsayi, domin kayan gyaranta ba su da wuyar samu, kuma mai gyara ba ya son injin da ba zai iya kwance shi ba.

Daren farko na sha wahala ƙwarai, domin duk abin da na buga sai ya ƙi kama faranti mai zafi da ake shimfiɗa robar a kai, ya koma kamar taliyar da ta cuɗe. Washegari na zauna da farar takarda guda, ina zura ta tsakanin bakin na'urar da farantin, ina juya kusoshi huɗu da ke ƙarƙashin farantin kaɗan kaɗan har sai na ji takardar tana ɗan gogawa a kowace kusurwa. Daga nan aikin ya miƙe.

Babban kuskurena shi ne na yi lissafin kuɗin na'ura kaɗai, na manta da wuta. Wata rana ana saura kaɗan wani murfi ya kammala bayan awa shida, aka ɗauke wuta. Na'urar tana iya ci gaba daga inda ta tsaya, amma kafin a dawo da wutar farantin ya huce, murfin ya saki, aikin ya tashi a banza. Dole na jinkirta sayen ƙarin zare na haɗa ta da inbata da batir, abin da ya kamata in sa a kasafi tun farko.

Zaren ma ya koya mini darasi. Irin zaren da ake kira PLA shi ne mafi sauƙin bugawa a zafin digiri 200, amma yana fara laushi a wajen digiri 60, kuma wani maƙali da na bari a cikin mota da rana a watan Afrilu ya lanƙwashe kafin la'asar. Yanzu duk abin da zai sha rana da PETG, wani irin zare da ya fi jure zafi, nake buga shi, da damina kuma ina ajiye zaren a cikin bokiti mai murfi tare da ƙunshin maganin danshi, domin idan ya sha raɓa yakan riƙa ƙara a bakin na'ura, aikin kuma ya fito da ƙuraje.