Godiya bayan dawowarmu daga Duwala

Alhamdulillahi. Daren jiya muka iso gida Garwa, ni da ƙanena, bayan wata biyu da 'yan kwanaki. Ƙafafuna har yanzu a kumbure suke saboda zaman jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Gaundare da motar da ta ƙarasa da mu, amma na kasa barci ban rubuta wannan ba. Kun bi mu tun ranar da aka yi masa aikin farko na cire ciwon dajin fata a kumatunsa, ba sai na maimaita ba. An gama gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, zama 30 cikin mako 6, kuma likitoci sun sallame mu.

Rana ɗaya ce ta ƙi fita daga raina. Ranar da sakamakon naman da aka yanka a kumatunsa ya fito, takarda ɗaya da Faransanci, na riƙe ta ina juyawa ban fahimci komai ba. Mu a tunaninmu an gama, tunda gyambon ƙarami ne, bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, kuma an cire shi. Kowa ya san ciwon dajin fata yana yawan kama zabiya irinsa saboda rana, balle ranar Garwa ta watan Maris da Afrilu, ga shi manomin albasa a bakin Binuwai. Likitan ya karanta, ya yi shiru, sannan ya yago auduga ya ce wa ƙanena ya rufe ido. Ya shafa masa a goshi, ya ce ya ji. Ya shafa a haɓa, ya ji. Da ya shafa a ƙasan idon hagu zuwa leɓen sama, yaron nan bai motsa ba, yana jira a taɓa shi alhali an riga an taɓa. Wallahi a nan gwiwoyina suka mutu.

Sai likitan ya tambaye shi ko yana jin wani abu a wurin. Ya ce, "Wata uku ke nan ina jin kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fatar." Ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, ai na gaya miki." Ya gaya mini kuwa. Na ce masa zafin rana ne, na ba shi man shafawa. Allah ya yafe mini.

Likita, na san ba ka son a ambace ka, don haka na ɓoye sunanka, amma abin da ka yi ba zan ɓoye ba. Layi na jiranka a waje, ka zauna ka zana mana fuska a bayan takarda. Ka ce irin wannan ciwon wani lokaci yakan samu jijiya ya nannaɗe ta, ya riƙa bin ta a ɓoye kamar yadda gara ke bin azara, sama lafiya lau, ciki ana ɓarna. Ka nuna mana jijiya ta 5 mai kawo ji a fuska da ta 7 mai motsa ta, ka ce idan aka yi sakaci cutar na iya bin su har gindin ƙoƙon kai. Ka tsinko gashi guda daga hannunka ka ce kaurin jijiyar da aka kama shi ne abin dubawa: in ya kai milimita 0.1, kusan kaurin wannan gashin, haɗarin dawowar ciwon da bazuwarsa zuwa kaluluwa ya ƙaru, musamman in mutum ya fara jin dindiris ko tururuwar nan. Tasa ta wuce hakan. Shi ya sa yanka kaɗai bai isa ba, sai hoton MRI mai nuna cikin kai, sai gashin na'ura. Ka sa shi ya ɗaga gira, ya runtse ido, ya yi murmushi, duk suka yi daidai, ka ce wannan alama ce mai kyau. Da hoton ya nuna cutar ba ta hau sama ba, kai ka fara cewa alhamdulillahi kafin mu. Allah ya saka maka da Aljanna, ya jiƙan mahaifanka, ya raya maka zuri'a.

Ma'aikaciyar jinyar da ta riƙa fassara mana da Fillanci da gurguwar Hausarta, Allah ya biya ki. Hajiyar unguwar New Bell a Duwala da ta ba mu ɗaki ba ta karɓi ko sefa ɗaya ba, tana dama masa kunu mai ruwa-ruwa lokacin da gashi ya sa bakinsa ya yi ɗanye ya kasa haɗiyar tuwo, ke uwa ce. Kawu, ka sayar da bijiminka ana gab da damina, mun sani ko ba ka faɗa ba. Matan adashinmu da suka ba ni kwasa ba zagayena ba, 'yan kasuwar albasa da suka yi karo-karo, malaman da suka yi ta saukar Alƙur'ani, da ku da kuka turo kuɗi ta waya daga Marwa da Kusiri da Yola ba ku ma san fuskarsa ba, Allah ya buɗa muku ta inda ba ku zato. Ya tsare ku da ciwon da zai kai ku garin da ba ku san kowa ba. Ya sa abin da kuka bayar ya tsaya muku ranar da dukiya ba ta amfani.

Akwai dangi na jini da wata biyun nan ko kiran waya ba mu samu daga gare su ba. An ce zumunci a ƙafa yake, mu ko a waya ma da mun karɓa. Allah ya sa uzuri ne ya riƙe su.

Kumatun nasa har yanzu ba ya ji sosai, an ce mai yiwuwa ya daɗe a haka. Za mu riƙa komawa duk wata 3 a duba wurin, a lalubi wuyansa da gaban kunnensa. An hana shi gona da tsakar rana, sai malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kare fata. Masu son zuwa dubiya, don Allah ku bari sai bayan la'asar, da safe yana barci. Ku ci gaba da sa shi a addu'a.