Cin Sushi a Wani Lungu na Tokyo

Shagon da ake sayar da sushi, wato abincin Japan na dunƙulen shinkafa da ɗanyen kifi a kai, bai wuce kujeru takwas ba, dukkansu a jere gaban wani dogon kanta na katako, inda dattijon mai shagon yake tsaye da wuƙarsa. Na ce masa omakase, wato na bar masa zaɓi, shi kuwa ya riƙa ajiye mini loma ɗaya bayan ɗaya daga kifin da ya sayo da asuba a kasuwar Toyosu, wadda ta gaji ta Tsukiji a 2018.

Na shiga da fargabar ɗanyen kifi, amma shinkafar ce ta fi ɗaukar hankalina. An haɗa ta da ruwan khal da gishiri, tana da ɗan ɗumi, kuma ya dunƙule ta sakwa-sakwa yadda ba za ta warware a hannu ba sai ta shiga baki. Da hannu na ci, domin al'adarsu ta yarda da hakan.

Tun farko na roƙe shi kada ya shafa wa kifin romon da ake zuba wa mirin, wani ruwan girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa, saboda akwai barasa a cikinsa. Ya maye gurbinsa da gishiri da ɗigon lemon tsami.