Godiya bayan kammala labarina na farko

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi jiya bayan isha'i na tura shafi na 42 wanda shi ne na ƙarshe, yau kuma tun asuba nake ta karanta saƙonninku ina share hawaye, na ce ba zan iya bin kowa ɗaya-ɗaya ba gara in yi godiyar a nan kowa ya gani.

Na farko Antina ta Gumel, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna. Ke ce kika ji ni ina ta mita a kan fim ɗin nan mai dogon zango da muke kallo, yadda aka kori yarinyar nan 'yar aiki aka sa ta a mota zuwa ƙauyensu shi kenan ba a sake ko ambatonta ba, ni kuma abin ya tsaya min a rai don ni 'yar ƙauye ce, na san abin da ake tararwa in an dawo da mutum gida hannu rabbana. Kika ce to ke da kika sani ki rubuta mana abin da ya same ta bayan ta sauka a tasha. Na ce Anti ai ba labarina ba ne, wannan ba sata ba ce? Kika zaunar da ni kika ce ana yin haka a duk duniya, fanfikshin ake ce masa, mutum ya ɗauki taurarin labarin da yake so ya ci gaba da su, akwai su rututu a Wattpad, manhajar rubutawa da karanta labarai da aka buɗe tun 2006, sharaɗin dai ki faɗi a sama cewa taurarin ba naki ba ne kuma kar ki sayar. Har kika tuna min Abubakar Imam ma a Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga na Larabawa da na Turawa ya sa musu rigar Hausa. Ranar ban yi barci ba.

Masu tambayata ta ina za su fara, ni dai abin da na sani kenan, ku nemo wurin da labarin da kuke so ya ɓata muku rai ko ya bar ku da tambaya, wanda aka manta da shi, ko maganar da ya kamata wani ya faɗa bai faɗa ba, daga nan ake kamawa. Kar ku jira sai kun san ƙarshe, ni sai da na kai shafi na 20 kafin in san ina za ta. Kuma ku koma ku sake kallon asalin da kyau ku ji yadda tauraron ke magana, don masu karatu ba sa yafewa in mai kunya ta tashi rana ɗaya ta zama mai tsiwa babu dalili, an yi min wannan gyaran a shafi na 7 kuma gaskiya aka faɗa, na gode wa baiwar Allahn da ta biyo ni ta gefe ta faɗa min ba ta kunyata ni a guruf ba.

Sai Inna, kakata. Ita ba ta san Wattpad ba, ba ta ma taɓa riƙe babbar waya ba, amma rabin maganganun tsohuwar cikin labarin nan daga bakinta na kwaso su, muna ɓarar gyaɗa ko tsinkar zoɓo tana ta ba ni labarin 'yan matan da aka kai aikatau birni a zamaninsu, ina jin kalma mai daɗi sai in ruga ɗaki in rubuta a bayan littafina. Ku dinga zama da tsofaffi don Allah, da bakin rijiya da gidan biki da motar kasuwa ran Alhamis in za a Maigatari, maganar da za ku ji a nan ba za ku same ta a waya ba.

Kun san jarrabawar da ta same ni da damina, wayata ta suɓuce ta faɗa rijiya da shafi goma sha ɗaya da ban tura ba. Sati uku ban iya ko kallon biro ba, na ce na haƙura. Yaya, kai ne ka sayar da buhun riɗinka ka cire min kuɗin wata wayar, kuma kullum kai ke kai ta shagon caji a kan babur ka dawo da ita kafin magariba, ban da abin da zan biya ka sai addu'a. 'Yan guruf da kuka yi ta turo min tsofaffin shafuka har na haɗa kan labarin, da wadda ta saka min data sau biyu ta ce kar in faɗi sunanta, Allah Ya biya ku. Tun daga lokacin a takarda nake fara rubutawa kafin in yi tayfin, ku ma ku yi haka, ko ku tura wa wata aminiya ta ajiye muku.

Baba na gode da ka bar ni, bayan ka sa an karanta maka shafi biyu ka ce ba ka ji abin ashsha ba, in dai ba zai hana ni Islamiyya da aikin gida ba in ci gaba.

Anti ta ce yanzu lokaci ya yi da zan ƙirƙiro taurarina na kaina, wai in gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara yi wa mata a 2016, na fara ɗan rubuta wani abu a kan wata mai tallan fura, ku taya ni da addu'a. Waɗanda shafi na 30 zuwa 33 ya wuce su ku yi min magana da yamma in an dawo da wayar daga caji zan tura muku in sha Allahu.