Idan ɗan adawa ya zo zaure, me iyaye za su tambaye shi kan fansho?

Babu ɗan siyasar da ya fi ɗan adawa sauƙin gani. Wanda ke kan kujera sai an bi ta hannun masu tsaron ƙofa, shi kuwa mai nema da ƙafarsa yake zuwa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida iyaye. A Gusau haka ne, a Ƙauran Namoda da Talatar Mafara ma haka ne. Sai dai yawancin irin wannan zama yana ƙarewa ba a tsinci komai ba. Dattawa su zayyana wahalarsu, baƙo ya girgiza kai, ya ɗora laifi kan masu mulki, ya ce in Allah ya ba su nasara kukan kowa ya ƙare, a shafa fatiha. Koke ba ya ɗaure ɗan adawa, daɗi ma yake yi masa, domin shi ne jarin da yake yawo da shi. Abin da ke ɗaure shi tambaya ce mai neman adadi, da lokaci, da inda kuɗi za su fito.

Darasi na farko da aikin fansho ke koya wa mutum shi ne 'yan fanshon da ke zaune kan tabarma ɗaya ba hukuma ɗaya ke biyan su ba. Akwai tsohon ma'aikacin tarayya da ya bar aiki a tsohon tsari, wanda hukumar PTAD ke biya daga Abuja. Akwai wanda ya faɗa tsarin karo-karo da aka kawo a 2004 zamanin Obasanjo, aka sabunta dokarsa a 2014, wanda kuɗinsa ke hannun kamfanin fansho ƙarƙashin sa idon hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Sai tsohon ma'aikacin jiha. Sai na ƙaramar hukuma da malamin firamare, waɗanda haƙƙinsu ke fitowa daga kuɗin ƙananan hukumomi 14 na jihar Zamfara. Mai neman sanata ko majalisar wakilai yana da bakin magana kan kashi biyun farko, ta hanyar doka da kasafin tarayya, amma ba shi da ikon biyan garatutin malamin firamare na Tsafe ko na Anka. Mai neman gwamna kuma ba abin da zai iya yi wa ɗan sandan da ke kukan a fitar da su daga tsarin karo-karo. Saboda haka kafin komai a tambaye shi: "Honorabul, wace kujera kake nema?" Idan ya yi alkawarin abin da kujerar ba ta da iko a kai, ko dai bai san aikin ba, ko ya ɗauka iyayen ba su sani ba.

Na biyu, sai an shiga zauren da lissafi a hannu. A tsohon tsari, wanda ya yi shekara 10 yana aiki yana samun garatuti daidai da albashinsa na shekara guda, da fansho kashi 30 cikin ɗari na albashin. Kowace shekara da ta ƙaru, garatuti na ƙaruwa da kashi 8, fansho da kashi 2, har zuwa shekara 35, inda garatuti ke kaiwa ninki uku na albashin shekara, fansho kuma kashi 80. A ɗauki misali da wanda albashinsa na lissafin fansho ya kai naira miliyan 1.2 a shekara, ya kuma cika shekara 35. Garatutinsa miliyan 3.6 ne, fanshonsa 80,000 a wata. Idan mutum dubu irinsa suka yi ritaya, gwamnati na bukatar biliyan 3.6 na garatuti kaɗai, ban da fanshon wata-wata. Wanda ya riƙe wannan lissafi ba za a ce masa "za mu biya kowa a kwana ɗari" ya yi tafi ba. Zai ce: mutum nawa ne a layi, nawa ne jimillar bashin, nawa za ka ware duk wata, daga kason tarayya ko daga harajin cikin gida?

Zamfara ta san wannan ciwo. Bashin garatuti ya taru tun daga 2011, gwamnatoci suna shuɗewa suna barin sa, har gwamnatin Dauda Lawal da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da sama da naira biliyan 13, ta kama biya kashi-kashi bayan tantancewa. Kowa na da ra'ayinsa kan gwamnatin, ba shi ne zancenmu ba. Abin lura shi ne yadda bashin ke taruwa. Fanshon wata-wata yana tafiya kusa da albashi, in an tsayar da shi gari zai ɗauka cikin mako guda. Garatuti kuwa kowa ranarsa daban, masu shi a warwatse suke, ba su da yajin aikin da za su yi, don haka shi ne abu na farko da ake jinginewa idan kuɗi suka yi ƙaranci. Kuma ma'aikata ba su daina ritaya don an biya tsohon bashi. Duk wata akwai masu cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki. Tambayar da ta fi amfani ga ɗan adawa a nan ita ce me zai yi don kada sabon tudu ya taru: zai kafa asusu na musamman da doka ta tilasta zuba masa kuɗi duk wata, kamar yadda Jigawa ta daɗe tana tafiyar da nata asusun karo-karo, ko zai bar abin a hannun ganin damar gwamna?

Akwai sashe guda na kundin tsarin mulki da ya kamata kowane shugaban 'yan fansho ya haddace. Sashe na 210 ya kare fanshon ma'aikatan jiha, kuma ƙaramin sashe na 3 ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka yi gyaran albashin ma'aikata, wanda ya riga zuwa. Sashe na 173 ya faɗi haka ga na tarayya. An mayar da mafi ƙarancin albashi 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024. To, a wane daga cikin waɗannan lokutan aka taɓa fanshon wanda ya bar aiki tun kafin su? Ga shi an cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na magani da na tiyar gero duk sun tashi. Dattijo na iya cewa: "Ɗana, wannan sashe doka ce tun 1999. Idan ka hau, a kasafin wace shekara za mu ga gyaran, kuma nawa ne mafi ƙarancin fanshon da za ka tsayar?" Wanda ya yi shiri zai ba da lamba, ko ya ce a ba shi mako biyu ya kawo a rubuce. Duka biyun amsa ce. Wanda ya koma zagin abokan hamayya bai amsa ba, kuma babu laifi a maimaita masa tambayar cikin ladabi.

Wani abu da 'yan siyasa ba su cika sani ba, domin ba a kan mumbari ake koyon sa ba, shi ne yawancin jinkiri a fayil yake farawa. Ana neman takardar ɗaukar aiki ta farko, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardar amincewa da ritaya, da shaidar albashin ƙarshe, sannan ofishin Odita-Janar ya duba lissafi kafin a tura wa masu biya. Ranar haihuwar da ke fayil ta saɓa da ta NIN ko BVN, fayil ya tsaya. An rubuta Muhammadu a nan, Mamman a can, fayil ya tsaya. Mutum ya wuce ranar ritayarsa da wata bakwai yana karɓar albashi, sai a zare kuɗin watannin daga garatutinsa, ya zo yana rantsuwa an cuce shi. Waɗanda suka fara aiki a tsohuwar jihar Sakkwato kafin a yanke Zamfara a 1996, wani lokaci tsofaffin takardunsu sai an koma can nema. Idan mai haƙƙi ya rasu, magada na bukatar shaidar rasuwa da takardar kotu kan gado, kuma da yawa ba su san cewa a tsohon tsari wanda ya rasu kafin ya cika shekara biyar da ritaya, ana biyan iyalinsa fanshon ragowar shekarun ba. A irin wannan duhu ne 'yan kamasho ke cin kasuwa, su ce a ba su wani kaso su fito da suna. Maganinsu guda ne, a liƙa jerin sunaye a fili bisa ranar ritaya, wanda ya riga fita ya riga karɓa. A nemi ɗan takara ya faɗa da bakinsa ko zai yi haka. A kuma tambaye shi yadda za a tantance tsohon da ke kwance a Dansadau ko Zurmi, inda hanyar zuwa Gusau kanta kasada ce, ko ma'aikata za su je hedikwatar ƙaramar hukuma, ko kuwa dole a ɗauko shi a mota.

Ga mai neman majalisar dokokin jiha, akwai tarihin da ya isa hujja. A Nuwamban 2019, bayan wasiƙar da tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta yana neman alawus ɗinsa na naira miliyan 10 a wata ta fito fili, majalisar Zamfara ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da shugabannin majalisa, gwamna Bello Matawalle ya sa hannu ba da ɓata lokaci ba. Ashe majalisa na iya sauri idan ta so. To, wane ƙudiri zai kai don ƙaramin ma'aikaci, kuma idan aka dawo da dokar manya, ina zai jefa ƙuri'arsa?

Zancen tallafi ya fi santsi, domin kowa na so kuma babu wanda ke bin bashinsa. Buhun shinkafar azumi alheri ne, ya ƙare a mako biyu. Abin tambaya shi ne rajista: wa ke rubuta sunaye? Shirin naira 5,000 a wata na zamanin Buhari da na 25,000 na wata uku da gwamnatin Tinubu ta sanar a 2023 duk sun dogara ne kan rajistar talakawa ta ƙasa, wadda jihohi ke tattarawa daga unguwanni da ƙauyuka. Idan aka bar rubutun a hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓa, bazawara mai marayu shida da ba ta da kowa a siyasa za ta sha kallo. Iyaye mata sun fi kowa sanin wannan, don haka a bar su su yi tambayar da kansu: "Ɗana, wanda bandit ya kora daga garinsu, yana zaune a kangon wani a Gusau, a wace mazaɓa za a rubuta shi?" Haka batun lafiya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa ƙarfi, jihar kuma tana da hukumarta ta ZAMCHEMA. Ma'aikaci na cikin tsari yana aiki, ranar da ya fi bukatar maganin hawan jini da na suga kuma ya fita. Wa zai biya wa ɗan fansho kuɗin shiga? Sannan mafi yawan tsofaffin jihar manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su taɓa karɓar albashi ba. An ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu zaman kansu a 2019, amma wannan na masu sauran ƙarfin tarawa ne. Ɗan takarar da bai da abin cewa kan tsohon manomi ya manta da yawancin masu zaɓensa.

Tambayar alƙiblar jam'iyya ba tsegumi ba ce a Zamfara. A ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta rushe nasarar APC gaba ɗaya a jihar saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, kujeru suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. A 2021 gwamnan da ya hau a PDP ya koma APC, 'yan majalisa da yawa suka bi shi. A 2023 PDP ta sake karɓa. Wanda ya yi alkawari a ƙarƙashin wata tuta na iya wayar gari a ƙarƙashin wata, ya ce yanayi ya canja. Sashe na 68 da na 109 na tsarin mulki sun ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyarsa ta rabu gida biyu, amma kowa ya ga yadda ake kewaye wannan, gwamna kuwa tsarin mulki bai ɗora masa wannan hukunci ba. Don haka a tambaya: shugabancin jam'iyyarku guda ne ko biyu, wanne INEC ta sani? Ta yaya za ku fid da gwani, 'yar tinƙe ko sulhu? Abin da ka faɗa kan fansho yana cikin manufar jam'iyya a rubuce, ko naka ne kai kaɗai? A jihohin da jam'iyyarku ke mulki ko ta taɓa mulki, wace ce ta biya garatuti a kan lokaci? Idan shi da kansa ya taɓa riƙe muƙami lokacin da bashin ke taruwa, wannan ma a tambaya, ba da faɗa ba.

Tsarin zaman kansa yana da tasiri. Tambaya biyar ko shida sun isa, a raba su tun kafin baƙo ya iso, kowace da mai ita: tsohon akanta ya ɗauki lissafi, tsohon hedimasta ya ɗauki na ƙananan hukumomi, uwa ɗaya ta ɗauki tallafi. A gajarta jawabin maraba, a roƙi maroƙa da 'yan rakiya su dakata a waje, domin da zarar kirari ya tashi tambaya ta mutu. Idan akwai goron da baƙo ya kawo, a bar rabonsa sai bayan an tashi, kada ambulan ya riga tambaya shiga hannu. A sa matashi guda ya rubuta amsoshi, wani ya naɗa a waya da sanin baƙon, a karanta masa abin da aka rubuta kafin addu'a, ya sa hannu da kwanan wata. Kwafi ɗaya ya tafi da shi, ɗaya ya zauna wurin sakataren ƙungiyar 'yan fansho. Idan ɗan takarar jam'iyya mai mulki ya zo, takardar tambayoyin nan ita za a ɗauko masa, ba a ƙara ba a rage ba.