Abin da sifirin ɗin mota ya koya mini game da banadiyam

Aikina a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera nan Kumasi ta Gana, shi ne mayar da tsohon sifirin ɗin mota ya koma kurfi, gizago ko adda. A hannun kawuna na koya. Shi bai taɓa jin sunan banadiyam ba, wani irin ƙarfe da ake gauraya wa baƙin ƙarfe don ƙara masa ƙwari, amma in ya karya ɗan gutsuren ƙarfen da aka tsoma a mai, ya dubi bakin karayar, nan take zai ce, "Kai yaro, wannan na kirki ne, ajiye shi gefe." In wurin ya fito sumul, launin toka, an dace. In ya fito da ƙwayoyi manya masu ƙyalli kamar sukari, to gautsi gare shi, bugu kaɗan zai tsage.

Daga baya na gane abin da idonsa ke gani. Wasu sifirin ɗin, ba duka ba, ana zuba musu banadiyam tun a masana'anta, kuma ɗan mitsitsi ne, bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Yana haɗuwa da sinadarin gawayin da ke cikin ƙarfen, ya hana ƙwayoyinsa kumbura in ya sha wuta. Shi ya sa irin wannan yake yi wa maƙeri haƙuri ko an ɗan zarce da zuga, kuma bakinsa ya daɗe bai dakushe ba. Haƙurin dai yana da iyaka. In ka bar shi ya yi fari fat yana tartsatsi, ya ƙone ke nan. A ruwa kuma ba na tsoma shi, sai a mai, sannan in mayar da shi wuta a hankali har bakin ya ɗauki launin busasshiyar ciyawa, in gwada da zarto.

Wannan Cr-V da ake bugawa a jikin sifana, kuromiyam da banadiyam yake nufi. Sai dai buga haruffa ba wuya. Na ga sifana mai wannan tambari ta wage baki a kan noti ɗaya na tirela, na kuma ga wadda ta girme ni tana aiki. Ni yanzu nauyi da ƙarar ƙarfe nake bi kafin rubutu.

Banadiyam ba sabon abu ba ne. A Meziko aka fara gano shi a 1801, kuma motar Ford Model T ta 1908 da ƙarfe mai banadiyam aka yi wasu sassanta. Yau mafi yawansa cikin ƙarfe yake ƙarewa, har da rodin gini. Da Sin ta tsaurara ƙa'idar rodi a 2018, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Sin, Rasha, Afirka ta Kudu da Brazil ne manyan masu samar da shi.

Ɗan ƙanena da ke aikin sola a Aboabo ne ya zo mini da zancen batirin banadiyam. Da yake mun sha wuyar dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, na yi tsammanin abu ne da zan ajiye a lungun shago. Ashe tankuna ne biyu cike da ruwan asid da aka narkar da banadiyam a ciki, famfo na zagaya da shi, wuta na taruwa ko tana fita. In kana son ƙarin awanni, sai ka ƙara girman tanki. Ba ya kama wuta, kuma yana iya shekara 20 yana aiki. A wata jami'a a Sidni ta Ostareliya aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, kuma a 2022 aka kunna wani a birnin Dalian na Sin mai megawat 100.

Na ce masa, "To yaushe za ka kawo mini nawa?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan na unguwa guda ne ko masana'anta. Kai dai batirin litiyam ya ishe ka, in kuma injin walda za ka ɗora masa, bar shi a layin ECG, kamfanin wutar lantarki."